BUHUN TALLAFI: MU YI LISSAFIN RIBA DA FAƊUWA TUN KAFIN 2027



Yau zan taɓo maganar da na san wasu daga cikinmu ba za su ji daɗinta ba. To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma gara mu faɗa wa junanmu gaskiya a nan cikin gida da a ce akwatin zaɓe ne zai faɗa mana ita.

Maganar ita ce tallafin rage raɗaɗi. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, babu kalmar da ta fi yawo a bakin mutanenmu kamar wannan. An raba shinkafa, an raba masara da gero, an tura kuɗi ta asusun banki, an ba da taki. Ni da nake shugaban matasa a nan Rawayau, da hannuna na rubuta sunaye, a kaina na ɗauki buhu, da kunnena kuma na sha zagi. Don haka ba labarin da na ji a rediyo zan ba ku ba.

Tambayoyi biyu nake so mu auna. Shin wannan rabo ya gyara aljihun talaka? Shin ya ƙara wa jam'iyyarmu farin jini ko rage mata ya yi?

Bari in fara da laifina, don kada wani ya ce na zo wanke kai.

A ɗaya daga cikin rabon da aka yi, an ba ni gurbin mutum kaɗan aka ce in kawo sunaye kafin magariba. Na zauna na cike takarda da yaran da suka yi mana wahala ranar zaɓe, waɗanda suka kwana a rumfa suna gadin ƙuri'a. A raina na ce ai hakkinsu ne. Washegari da safe ina fitowa sai na haɗu da wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu, jikoki marayu ne cike da ɗakinta. Ban sa sunanta ba, kuma na san dalili: ɗanta ɗan adawa ne, ya sha yi mana ba'a a majalisa. Na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana?" Ta amsa da fara'a, sannan ta ce, "Ɗana, an ce kai ka rubuta sunaye. Ashe yunwa ma katin jam'iyya gare ta?"

Wallahi ban iya ce mata komai ba. Da yamma na auna mata daga nawa kason na aika, ta karɓa ta sa albarka. Amma abin da ya lalace ya riga ya lalace, don unguwa duka ta ji labari. Su kuma yaran da na rubuta, ko ɗaya bai gode ba. Cewa suka yi, "Wai duk wahalar da muka sha, tiya biyu ce sakamakonmu?" Rana ɗaya na yi asarar ɓangare biyu. Tun ranar nake juya wannan lissafi a kaina.

To mu zo ga alƙaluma, don su ba su san ɗan jam'iyya ba.

Kafin a cire tallafi, litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta koma wajen 500, a watan Yuli 2023 ta kai 617, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A watan Yuni 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce a tsakiyar 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata. Ga kuma iyakar Nijar da aka rufe bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris 2024, abin da ya tsayar da harkar mutanenmu masu bin hanyar Jibiya da Maraɗi. Wannan shi ne girman ramin.

Me aka zuba a ciki? A watan Agusta 2023 aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha, wani kaso kyauta wani kaso bashi. Kuɗi ne mai yawa a kunne. Amma ƙidayar 2006 ta ce mutanen jihar Katsina sun kai miliyan 5.8, kuma kowa ya san yau mun wuce haka nesa ba kusa ba. Ko da tsohon adadin muka yi aiki, kowane mutum bai samu naira 900 ba. Lita ɗaya da rabi ke nan ta man wancan lokaci, ba ta ma cika ba.

A watan Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta ce ta tura wa kowace jiha tirela 20 ta shinkafa, kowace tirela ɗauke da buhu 1,200 mai kilo 25. Buhu 24,000 ke nan. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Idan aka raba daidai wa daida, babu wanda ya taɓa ko ƙwaya ɗaya a hanya, kowace mazaɓa za ta samu buhu 66 da ɗoriya. Buhu mai kilo 25 bai wuce tiya goma ba. To ku gaya mani, tiya ɗari shida da wani abu, yaya za a yi ta zagaya Rawayau A ko Rawayau B da ƙauyukansu? Haka abin yake a Wurma, haka yake a Tsauri, Birchi da Barkiya. Ko waliyyi aka ba wannan rabo sai an zage shi.

Sai kuɗin da aka ce za a tura wa gidaje miliyan 15, naira 25,000 sau uku, jimla 75,000. Akwai watannin da wannan jimla ba ta sayen buhun shinkafa mai kilo 50. Shirin ma ya yi tuntuɓe tun a farko, don a Janairu 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu, aka tsayar da biya na wani lokaci. Da aka dawo kuma sai aka ce dole sai mai lambar NIN da asusu. Manufar tana da kyau, don a toshe sunayen bogi. Sai dai tsohuwar ƙauye da ta fi kowa buƙata ita ce ba ta da waya, ba ta da asusu, kuma kafin ta yi rajista sai ta biya kuɗin mota zuwa Dutsin-Ma ko Katsina, ta wuni a layi.

Duk da haka, ba na cikin masu cewa tallafi aikin banza ne. Mai faɗin haka bai taɓa kwana da yunwa ba.

Na ga gidan da tiya uku ta masara ta hana a sayar da akuyar ƙarshe. Na ga magidancin da kuɗin asusu ya hana shi sayar da amfanin gonarsa tun yana tsaye a kan rabin kuɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin talaka idan ya sayar da jarinsa don ya ci yau, ya sayi talaucin baɗi. Kuma kuɗin da ya shiga hannun talaka ba ya kwana. Nan take zai je wajen mai shago, mai shago ya biya mai niƙa, mai niƙa ya biya ɗan acaɓa. Naira ɗaya sai ta taɓa hannu biyar kafin ta bar gari. Da babu gara ba daɗi, wannan gaskiya ne.

Amma akwai ɗaya gefen da ba mu cika faɗa ba.

Na farko, duk lokacin da gwamnatoci suka shiga kasuwa a lokaci guda da manyan kuɗi suna sayen hatsi don rabawa, 'yan kasuwa suna ji, farashi sai ya ɗaga. Mutum goma sun samu kyauta, mutum ɗari kuma sun sayi tiya da tsada fiye da jiya. Wanda bai samu rabo ba ya biya kuɗin rabon da aka yi wa wani.

Na biyu, kaya mai bin hannu da yawa ba ya isa yadda ya taso. Daga Abuja zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, zuwa mazaɓa, zuwa rumfa, ga kuɗin mota, ga 'yan dako, ga "kason manya". Ba mu manta da Oktoba 2020 ba, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama suka tarar da abincin tallafin korona jibge, alhali mutane sun sha kulle da yunwa. Tun daga ranar talaka ya daina yarda cewa abin da ya iso gare shi shi ne abin da aka aiko.

Na uku, kuma shi ya fi damuna a matsayina na ɗan manomi. A Yuli 2024 aka sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da masara da shinkafa da alkama. Daga baya abinci ya sauko, mazauna birni sun ji sauƙi, mun gode Allah. To amma manomin da ya sayi taki da tsada, ya biya 'yan ƙwadago da tsada, ya sayi maganin feshi da tsada, da kaka ta zo sai ya tarar buhun masara da ƙyar yake sayen buhun taki. Ku tambayi duk wanda ya yi noma a 2025. Idan manomi ya faɗi shekara biyu a jere zai rage gona, idan ya rage gona tsadar da muka kora ta ƙofa za ta dawo ta taga. Sauƙin da aka yi wa mai saye, daga aljihun mai noma aka ciro shi, kuma mu a Kurfi da Dutsin-Ma yawancinmu masu noma ne.

Yanzu mu zo ga siyasa, inda na san nan ne kunnuwa za su miƙe.

Akwai 'yan uwa a cikinmu da suke cewa, "Mu muka sha rana, mu muka sha jifa, don me za a ba wanda ya zage mu?" Na fahimce su sarai, don ni ma na yi aiki da wannan tunani, kun ji yadda ta kaya mani. Ba na cewa a watsar da waɗanda suka yi wahala. A saka masu, amma da abin jam'iyya da aljihun waɗanda suka ci zaɓe, da aikin yi da jari. Abincin da aka saya da kuɗin gwamnati kuwa na kowa ne, har da wanda bai zaɓe mu ba, don shi ma da tsadar yake sayen mai.

Ko ta fuskar neman ƙuri'a zalla muka duba, lissafin bai fita. Buhu ɗaya yana samar maka da mutum ɗaya mai ƙorafin an ba shi kaɗan, da mutum tara masu riƙe da kai a zuci don ba a ba su komai ba. Wanda bai samu ba ba zai ce kaya ne ba su isa ba, cewa zai yi an ware shi. Kuma ba Abuja zai zaga ba, ni da kai zai zaga, mu da yake gani a masallaci.

Mu tuna abin da ya faru a gabanmu. A zamanin marigayi Shugaba Buhari, Allah Ya jiƙansa, an yi N-Power mai biyan naira 30,000 a wata, an yi TraderMoni na naira 10,000, an ciyar da 'yan firamare, an ba gidajen marasa ƙarfi naira 5,000 a wata, an ba manoma bashin noma. Ba a taɓa yin gwamnatin da ta buɗe shirye-shiryen tallafi masu yawa haka ba. Amma da zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 2023 ya zo a tsakiyar wahalar canjin kuɗi da layin mai, Atiku Abubakar na PDP ne ya ci jihar Katsina, jihar shugaban ƙasa mai ci, da ratar ƙuri'a 'yan dubbai. Makonni uku bayan haka mutanen nan dai suka fito suka zaɓi Malam Dikko Umaru Raɗɗa da gagarumar rata. Me wannan yake nuna mana? Mutanenmu ba tumaki ba ne da za a kaɗa da dusa. Suna auna halin da suke ciki, suna auna mutumin da aka tsayar, sannan su yanke hukunci.

Haka kuma a ranar 1 ga Agusta 2024, makonni biyu kacal bayan sanarwar tirelolin shinkafa, matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, har ta kai an sa dokar hana fita ta awa 24 a Dutsin-Ma. Ban goyi bayan ɓarnar da aka yi ba, kuma ba zan taɓa goyon baya ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Da shinkafar rabo tana kwantar da hankali, da ba a kai nan ba.

Ba mu ne farau ba a wannan jarrabawa. Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe daga 1929, har ta kai a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da aikin yi. Shugaba Hoover ya yi ta jan ƙafa a kan gwamnatin tarayya ta tallafa wa mutane kai tsaye, a zaɓen 1932 jihohi shida kawai ya ci. Roosevelt da ya gaje shi bai tsaya ga rabon abinci ba. A 1935 ya kafa hukumar ayyuka da ta ɗauki mutum sama da miliyan takwas a tsawon rayuwarta, suna gina hanyoyi, gadoji da makarantu ana biyansu. A 1936 ya ci jihohi 46 cikin 48. Amma ku ji ƙarshen labarin. Da aka rage kashe kuɗi a 1937 tattalin arziki ya sake komawa baya, aka kuma zargi 'yan jam'iyyarsa da amfani da ayyukan tallafi wajen neman ƙuri'a. A zaɓen 'yan majalisa na 1938 sun yi asarar kujeru sama da 70, a 1939 kuma majalisa ta yi doka ta haramta haɗa tallafin gwamnati da kamfe. Darasi uku ke nan: wanda ya ƙi taimako ya faɗi, wanda ya ba da aiki ya ci, wanda ya mayar da tallafi kayan kamfe ya sha kunya.

Mu ma muna da namu abin koyi da ya fi wannan kusa da zuciyarmu. A shekarar fari da yunwa da ta auka wa Madina a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya aika wa gwamnoninsa suka turo abinci, har daga Masar. Ya sa aka ƙidaya masu ci, ya tsaya a kan rabon da kansa, ya kuma hana kansa cin mai da nama har sai da jama'a suka samu sauƙi. Bai tambayi kowa wa yake goyon baya ba. Mu kuwa sai a buga hoton mutum a jikin buhu, a jera tsofaffi a rana ana ɗaukar su bidiyo ana sawa a Facebook da TikTok. Wallahi wannan ba ya jawo ƙauna. Tsoho zai karɓa don dole, amma ba zai manta da an tozarta shi ba.

To mene ne mafita? Ga abin da nake ba shugabanninmu shawara, kuma nake so ɓangarenmu ya tsaya a kai a duk zaman da za a yi.

Ɗaya. A fitar da rubuta sunaye daga hannun mu 'yan siyasa. Eh, har da ni. A ba mai unguwa, liman, wakiliyar mata, malamin makaranta, a sa har da mutum ɗaya daga 'yan adawa. A fara da zawarawa masu marayu, tsofaffi, masu lalura da waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu.

Biyu. A faɗi adadi a fili. Buhu nawa aka turo wa ƙaramar hukuma, nawa ya iso mazaɓa, su wa suka samu. A liƙa a ƙofar mai gari, a karanta a rediyo. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Idan mutane suka ga buhu 66 ne aka kawo, za su san ƙaranci ne ba cuta ba.

Uku. A kula da lokaci. Yunwar ƙauye tana da wata, daga faɗuwar ruwa zuwa kafin sabon gero ya nuna, lokacin da rumbu ya ƙare aikin gona kuma ya yi yawa. Nan ne abinci yake da amfani. Taki kuma a kawo shi kafin shuka, ba bayan an yi huɗa ba.

Huɗu. Gwamnati ta sayi hatsi da kaka, kai tsaye daga manoma a farashin da ba za su faɗi ba, ta adana, ta fitar da shi da rangwame a tsakiyar damina. Da haka an taimaki mai noma an taimaki mai saye, an kuma karya lagon masu ɓoye kaya. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe suna sayar da hatsin rumbun gwamnati da rahusa a lokacin tsanani. Tunanin Rumbun Sauƙi da gwamnatin jiha ta kawo hanya ce mai kyau, roƙonmu shi ne ya sauko har ƙauye.

Biyar. Matasa masu ƙarfi a jika a ba su aiki a biya su, ba tiya ba. Ga hanyoyin ƙauyukanmu da damina ke yankewa, ga azuzuwan da rufinsu ya yaye, ga magudanan ruwa da suka cike. Ga madatsar ruwa ta Zobe nan kusa da mu, tun farkon shekarun 1980 take kwance da ruwa, har yau ba mu ci rabin moriyar noman ranin da aka gina ta dominsa ba. Matashin da ya samu fili da injin ban-ruwa ba zai sake tsayawa layin rabo ba.

Shida, kuma shi ne uwa uba, tsaro. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoba 2023, yaranmu ne a ciki, wasu sun ba da rayukansu, Allah Ya gafarta masu. A ƙara ƙarfafa su. Babu tallafin da ya kai mutum ya je gonarsa ta nesa ya dawo lafiya. Gona ɗaya da aka noma cikin kwanciyar hankali ta fi rabon shekara biyar.

Kuɗin da jihohi da ƙananan hukumomi suke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafin mai, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Talaka ne ya biya wannan ƙari da guminsa a gidan mai da kasuwa. Don haka idan an dawo mashi da wani abu, ba alfarma aka yi mashi ba, kuma bai kamata mu tsaya muna jiran godiya ba.

Na san bayan wannan rubutu za a ce an saye ni, ko a ce na fara haɗa kayana. Ina nan daram, babu inda za ni. Amma mu ne za mu shiga gida gida a 2027 muna sallama, ba waɗanda suke Abuja ba. Ina so ranar da zan tsaya a ƙofar Inna in ce ta fito ta zaɓe mu, in iya ɗaga kai in dube ta.

Wanda yake da ja a kan alƙaluman da na kawo, filin sharhi a buɗe yake, a zo da hujja ba zagi ba. Shugabannin matasa na sauran mazaɓu kuma ina jiran ku, ku faɗi abin da kuka gani a wajenku.

Allah Ya yaye mana wannan tsanani, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.

Daga ɗan uwanku, shugaban matasa,
Rawayau, ƙaramar hukumar Kurfi.